Ƙishirwa A Matsayin Bulala: Daga Lugu Ta 1899 Zuwa Ɗakin Gwajin Ɓeraye

Duk shekara idan Afrilu ya kama, zafi ya fara dukan kwanon aji, nakan rufe littafin tarihi in fita da yaran CM2 zuwa bakin rijiya, in ba su labarin ranar 16 ga Afrilu 1899 muna tsaye. Babu ɗan Lugu da bai san labarin ba, ko da bai taɓa taka lakwal ba: yadda ayarin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ya iso, yadda Sarauniya Mangu da maharbanta suka ƙi miƙa wuya, aka kashe wa Faransawa sojoji 4 aka raunata 6, daga bisani mutanen gari suka janye cikin kurmi. Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kai a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Amma akwai tambayar da littafin makaranta bai cika yi ba, ni kuwa ita nake fara jefa wa yara: waɗannan mutane, me suke sha?

Ayarin da ya haɗu a Sansane Hausa, bakin kogin Kwara, a watan Janairu na 1899, ya kai mutum wajen 2000, tsakanin sojoji da 'yan dakon da aka kamo da ƙarfin tsiya da mata, ga dawakai ga shanu. In ka ba kowane mutum lita 5 kacal a wuni, lita 10,000 ke nan, ba a ma zo kan dabbobi ba. Duk wanda ya taɓa jan wasaki a bazara ya san rijiyar ƙauye ba ta ɗaukar wannan. Kafin rana ta take guga ya fara fito da taɓo, sai a zauna jiran ido ya sake kawowa. Hanyar da aka bar wa Faransa kuwa ta arewa ce, domin a yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa sun dasa tsinken kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato, suka ja baka mai nisan mil 100, wajen kilomita 160, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Waɗanda suka ja layin ba su taɓa jan guga a ƙasar nan ba. Rashin ruwa ya hana ayarin yanke daji kai tsaye zuwa gabas, sai suka gangara kudu, suka biyo Dallol Mawri inda ruwa yake kusa, suka hauro Matankari, suka faɗo mana. A farkon Mayu suna Birnin Konni, garin da a takarda rabon Ingila ne, suka yi kisan da har yau ba a daina maganarsa ba.

Kada wani ya ɗauka uzuri nake nema musu. Kisan Sansane Hausa a bakin kogi aka yi shi, ruwa na gudana a gabansu. Mugunta daban, ƙishirwa daban. Abin da nake nufi shi ne ƙishirwa ta fi takardar minista ƙarfi, ita ta zaɓa musu hanya. Ƙarshensu sananne ne: ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka turo ya tsayar da su, a Dankori kusa da Tasawa, cikin kwana 3 kuma sojojinsu suka kashe su duka biyun. Amma matsalar ruwa ba ta mutu da su ba. Faransa ta yi ta naci har aka sake zana iyakar a 1904 da 1906, aka sauko da ita kudu don ta samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, Tilho da O'Shee suka bi suka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Wato da rijiyoyin arewa na da ruwa, da wataƙila ɗan Konni da ɗan Maraɗi Ingilishi suke haddacewa yau a makaranta.

To, 'yan'uwana malamai da iyayen yara, ba don tarihi kaɗai na tono wannan ba. Ni ma na taɓa riƙe ƙishirwa a hannu kamar bulala.

A shekarata ta biyu da fitowa daga makarantar horar da malamai, a wani ƙauye da ba sai na faɗi sunansa ba, ajina rumfar kara ce, akwai randa a kusurwa da moɗa ɗaya. Wata rana cikin Mayu yara suka ishe ni da zirga-zirgar shan ruwa, ga jarrabawa ta ƙarato. Na ɗauke moɗar na ɗora a teburina, na ce babu mai shan ruwa sai ya kawo mini lissafin rabawa guda biyar daidai. Da farko na ɗauka na gano sirrin koyarwa, domin aji ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar alli a kan allo. Can sai layi ya kafu. Kowa ya zo da lambar da ta faɗo masa a kai. Wani yaro ya zo sau huɗu da amsa huɗu mabambanta a kan tambaya ɗaya, idonsa na kan moɗa, ko kallon allonsa ba ya yi. Yarinyar da ta fi kowa lissafi kuwa ba ta rubuta komai ba, ta kifa kai ta yi shiru. Washegari uwarta ta zo, ta gaishe ni cikin ladabi, sannan ta ce, "Mushe, ko jaki sai an shayar da shi ake ɗora masa kaya." Ashe tun asuba yarinyar take bakin rijiya, ta taho lakwal ba ta ko karya ba. Na ce, "Inna, na yi kuskure, a yi haƙuri." Shekara kusan 20 ina kallon abin a matsayin wautar ƙuruciya kawai, har wani tsohon ɗalibina da ke Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya turo mini labarin wani bincike ta WhatsApp. Na karanta na ga yaron nan mai amsa huɗu, sai dai a siffar ɓera. Daga nan na bi zaren baya.

Zaren ya kai ni 1908, shekara 9 kacal bayan yaƙin Lugu. A Jami'ar Harvard ta Amurka, Robert Yerkes da John Dodson suka sa ƙananan ɓeraye zaɓe tsakanin akwati biyu, fari da baƙi. Wanda ya shiga baƙi wutar lantarki ta ja shi. Suka yi ta canza ƙarfin wutar da kuma wahalar aikin. Idan bambancin akwatunan a fili yake, ƙara zafin wuta na sa ɓera ya koya da sauri. Idan kuwa an rage haske har bambancin ya yi wuyar gani, wuta mai ƙarfi jinkirta koyo take yi, mai sauƙi ko matsakaiciya ta fi. Ɓerayen kaɗan ne, kuma na baya sun ɗora wa wannan gwaji nauyin da ya fi ƙarfinsa har suna kiransa doka. Duk da haka malamin da ya taɓa tsayawa da bulala a kan yaro yana tambayarsa bambancin b da d zai gane abin da suka gani. Bulala na iya sa a share fili da sauri. Rarrabe abu biyu masu kama da juna ba aikinta ba ne.

A 1931 Carl Warden na Jami'ar Kolombiya a birnin Niyok ya fitar da littafi kan wani akwati da ya ƙera. Ɓera yana gefe guda, abin da yake so yana ɗaya gefen, tsakani akwai waya mai wuta, sai a ƙirga sau nawa zai yarda ya taka ta cikin minti 20. Ƙishirwa ta fi yunwa, yunwa ta fi sha'awa, son leƙe-leƙe ya zo ƙarshe. Abu ɗaya ne ya ɗara ƙishirwa: uwar da aka raba da 'ya'yanta. Na ajiye wannan don matar da ta zo ta same ni a rumfar kara. An kuma lura cewa ƙwazon mai ƙishirwa yakan kai ƙololuwa bayan kwana ɗaya ba ruwa, in aka zarce sai ya fara raguwa, jiki ya mutu. Ai Bahaushe ya riga su faɗa, da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Gwajin da na fi so a koya a makarantun horar da malamai shi ne na Edward Tolman da Charles Honzik, a Berkeley ta jihar Kalifoniya, a 1930. Sun gina gida mai lunguna da yawa, suka kasa ɓeraye gida uku. Kashi na farko kullum suna tarar da abinci a ƙarshen hanya, kurakuransu suka yi ta raguwa a hankali. Kashi na biyu ba su taɓa tarar da komai ba, suka yi ta gantali. Kashi na uku ma haka suka yi ta gantali har kwana 10, sai a kwana na 11 aka ajiye musu abinci. Washegari suka bi hanya ɗoɗar kamar waɗanda aka daɗe ana ciyarwa. Ashe duk gantalin nan suna haddace lungunan, dalilin nunawa ne ba su da shi. Sani daban, nuna sani daban. Mu kuwa jan biro ɗinmu na biyun kawai yake gani, sai mu rubuta sifiri mu ce yaro daƙiƙi ne. Daga baya, a 1943, Clark Hull na Jami'ar Yale ya mai da zancen lissafi, ya ce aiki shi ne sabo sau buƙata. Ninkawa ya ce, ba tarawa ba, don in ɗaya ya zama sifiri duka ya tafi. Kuskurensa, a ganina, shi ne lissafin yana nuna kamar duk ƙaruwar buƙata riba ce.

Su waɗannan duk daga waje suke kallon dabba. Wanda ya fara taɓa ƙishirwa a cikin kai shi ne Bengt Andersson na ƙasar Suwidin, a farkon shekarun 1950, kuma da awaki ya yi aiki. Ya ɗiga ruwan gishiri ɗan kaɗan a wani gurbi can ƙarƙashin ƙwaƙwalwar akuya, akuyar da ta ƙoshi da ruwa ta koma ta yi ta sha kamar wadda ta kwana a Tenere. Wato ƙishirwa ba a maƙogwaro take ba, a kai take. A 2015 Yuki Oka da Charles Zuker suka gano ainihin ƙwayoyin jijiyar da ke wannan aiki a kan ɓera, har suka iya kunna su da haske. In aka kunna, ɓeran da ya ƙoshi sai ya ruga ga ruwa. Akwai kuma wasu ƙwayoyin a gefensu waɗanda in aka kunna su mai ƙishirwa sai ya bar sha. A 2016 masu bincike a San Faransisko suka nuna cewa ƙwayoyin ƙishirwa suna lafawa da zarar ɓera ya fara haɗiya, tun ruwan bai kai jini ba, kuma sanyi a baki kaɗai yana rage musu ƙarfi. Ga dalilin da ya sa moɗa ɗaya daga randa take kashe abin da bido mai zafi ba ya kashewa. A 2017 kuma, a Jami'ar Stanford, aka ga ɓera yana danna maɓalli don kawai a kashe masa wannan kunnawar. Ƙishirwa azaba ce, mai ita gudu yake daga gare ta.

Sai ku tambaya, me ya sa masana suka nace wa ƙishirwa? Don ita ce linzami mafi sauƙi. Ɓeran ɗakin gwaji nauyinsa tsakanin giram 20 zuwa 30 ne. Akan rage masa ruwa zuwa wajen mililita 1 a wuni, ƙasa da rabin abin da zai sha in an bar shi, ana auna shi kullum, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada nauyinsa ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100. Ladan amsa daidai ɗigo ɗaya ne wanda bai wuce ƙwayar gero ba. Da wannan ɗigo zai amsa tambaya ɗaruruwa a zama ɗaya. Abin bai kwanta wa su kansu masanan ba, har a 2021 wasu suka gwada barin ruwa a gaban ɓera kullum amma a tsamama shi da kashi 2 cikin 100 na sinadarin tsamin lemo, ya sha abin da zai riƙe shi, ya kuma ci gaba da aiki don ya samu mai daɗi. Ku duba fa: akwai ma'auni, akwai iyaka, akwai kwamitin da ke sa ido a kan yadda ake hana ɓera ruwa. Ni ranar da na ɗauke moɗa babu wanda ya auna kowa.

A 2019 ƙungiyar Stanford ta saurari ƙwayoyin jijiya kusan 24,000 a sassa 34 na ƙwaƙwalwa, yayin da ɓeraye ke shaƙar ƙamshi biyu, ɗaya na nufin ruwa na tafe, ɗaya ba komai. Lokacin da ɓera ke jin ƙishirwa, ƙamshin ruwa kan bazu ko'ina cikin kai kamar wutar daji. Da ya ƙoshi, ƙamshin yana shiga, sashen shaƙa yana amsawa, amma labarin ba ya wucewa gaba, harshe ba ya motsi. Kowane malami ya san wannan fuskar: yaro na kallon ka, kunnensa lafiya lau, maganar ta shiga ta tsaya a zaure.

Binciken da ɗalibina ya turo mini shi ne na 2022, na Sami El-Boustani da abokan aikinsa a Jami'ar Jeniba ta ƙasar Suwizalan. Sun koya wa ɓeraye cewa in aka taɓa wani gashin baki guda, su lashi bakin bututu su samu ruwa, in aka taɓa na kusa da shi kada su lasa. A farkon zama, ƙishirwa na ci, ɓera yakan yi ta lasa ko wane gashi aka taɓa, ba ya rarrabewa. A tsakiya, bayan ya ɗan jiƙa maƙoshi, sai aikinsa ya yi kyau, ya lasa inda ya dace ya ƙyale inda bai dace ba. A ƙarshe ya ƙoshi, ya watsar. Da suka leƙa ƙwaƙwalwa sai suka ga matsanancin kwaɗayi yana tayar da jijiyoyi har saƙon taɓawar kansa ya dagule. Ba yanke shawara kaɗai ke lalacewa ba, har ji da gani. Sun kuma nuna cewa ɓerayen sukan gane ƙa'idar tun da wuri, yanayin da suke ciki ne ke rufe ganewar. Tolman ke nan ya dawo bayan shekara 92. Yaron nan mai amsa huɗu ba ƙin tunani ya yi ba, na kai shi inda ba ya iya ganin lambobin sosai. Yarinyar kuwa ta riga ta wuce ƙololuwar da Warden ya auna, jiki ya saki.

Ba ina cewa randa na haifar da haziƙai ba. An gwada a makarantun karkara na ƙasar Mali, aka raba wa yara gorunan ruwa wuni guda, aka hana wani wunin ƙarin komai, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna ruwan ya rage bushewar jiki da yamma, amma bambancin maki bai fito fili yadda za a kafa hujja da shi ba. Ruwa haƙƙin yaro ne ko da bai ƙara masa maki ko ɗaya ba. Kuma moɗar da yawancinmu ke ɗaukewa ba ta ruwa ba ce. Tsoron bulala ne, da kunyar a tsayar da kai gaban aji, da uban da ya rantse in ka faɗi jarrabawa ba za ka kwana a gidansa ba. Duk waɗannan ƙishirwa ce da muke ƙirƙira, kuma yaron da suka yi wa yawa shi ne ke ɗaga hannu tun ba ka gama tambaya ba, ko ya cika takarda da duk abin da ya haddace ko ya dace ko bai dace ba.

Akwai kuma inda misalin ɓera yake ƙarewa, kuma nan ne ya fi ci mini rai. Dole a hana ɓera ruwa domin aikin ba shi da wata ma'ana a rayuwarsa. Ina ruwan ɓera da gashi na ɗaya ko na biyu? Amma a 1950 Harry Harlow na Jami'ar Wiskonsin ya ajiye wa birai wani makulli mai sarƙaƙiya, ba abinci ba ruwa a matsayin lada, suka yi ta kwance shi don jin daɗin kwancewa kawai, da aka shigo da ladan abinci ma sai kurakurai suka ƙaru. Yaro ya fi kusa da wannan. Wanda muke kira daƙiƙi a aji shi ne ke ƙirga awakin gidansu da kallo ɗaya ya san wadda ba ta dawo ba, shi ne ke ba da canji a kasuwar Dogon Dutsi ba ya kuskure ko dala. Babu wanda ya hana shi ruwa kafin ya koyi wannan. In har sai da bulala yake zama ya maimaita jimlar Faransanci da bai san ma'anarta ba, to wani ɓangare na laifin yana jikin aikin da muka ba shi. Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da harshen gida a Damagaram, shekara fiye da 50 ke nan, kuma har yanzu ɗan shekara 7 a ƙauyuka da yawa yakan fara karatu da harshen da ko uwarsa ba ta ji.

Yanzu a ajina randa biyu ce a bakin ƙofa, kwamitin iyayen yara ne ya saya, moɗa uku, kuma ba a neman izini. Zirga-zirgar da nake tsoro kwana uku ta yi ta lafa, don abin da ba a hana ba ba a wawaso a kansa. Bulala kam ban ce na zama waliyyi ba, hannuna yakan yi ƙaiƙayi, musamman cikin Mayu.

Afrilun da ya wuce, muna bakin rijiya na gama lissafin lita 10,000, sai wani yaro ya ce, "Mushe, to in ruwan bai isa ba, wa ke fara sha?" Ban amsa ba, na mayar musu da tambayar. Suka yi ta gardama har suka jera da kansu: Nasara, sai dokin Nasara, sai mai bindiga, sai mai dako in an rage. Wata yarinya ta ce ai sun manta da mutanen garin da suka haƙa rijiyar. Na sa mai tambayar ya jawo mana guga, muka sha muka wanke fuska, muka koma aji, saura darasin rabawa.